Jere da Ilmin Tsarin Cikin Ɗaki a Ƙasar Gumel



Sa'ad da aka nemi in yi magana a kan ilmin tsarin cikin ɗaki, wani abokina ya tambaye ni, wai me za a faɗa a kan wannan a ƙasar Gumel, inda abin da ya dami mutane shi ne ruwan sama da gero da farashin awaki? Ya ce ai wannan ilmi na mutanen Ikko da Abuja ne, masu benaye da na'urar sanyaya ɗaki. Ban yi masa gardama ba a lokacin. Amma a ganina ya yi kuskure, domin babu wani gida daga Gumel zuwa Maigatari, ko daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, da aka taɓa kai amarya cikinsa ba a yi wannan aiki ba. Sunansa jere, kuma mata ne malamansa.

Bari in fara bayyana abin da ake nufi da wannan ilmi. Magini shi ke ta da bango ya yi rufi. Daga nan sai aikin mai tsara ciki ya soma, watau ya san ta inda haske zai shigo, da ta inda iska za ta bi, da inda za a zauna, da inda za a kwanta, da inda za a ajiye kaya, da irin launin da ido zai riƙa gani kullum, da abin da jikin mutum zai riƙa taɓawa. A jami'o'inmu galibi akan koyar da shi ne a cikin karatun zanen gine-gine, ko kuwa tare da sana'o'in da ke kusa da shi, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take koyar da saƙa da rini da ginin tangaran da aikin gilashi. Ɗalibin wannan fanni kullum cikin neman abin da zai buɗe masa basira yake, a kujera ko a zane ko a tufa. Abin tambaya shi ne, ina ya kamata ya fara nema?

Kafin in amsa, ya kamata mu tuna irin ƙasar da muke ciki. Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekara ta 1750, kuma ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. A 1845, zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, aka taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka zauna a inda garin yake a yau. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a Gumel cikin watan Maris na 1851, ya kuwa rubuta cewa nan ce babbar kasuwar kanwa wadda ake ɗaukowa daga ƙasar Barno a nufi Nufe da ita. Garin da fatake suke ratsawa haka, idon mutanensa ya saba da kayan gabas da na Kano da na Damagaram tun da daɗewa. Saboda haka kada wani ya zaci zan ce a guji kayan waje. Ba mu taɓa gudunsu ba.

Abu na biyu game da ƙasar shi ne yanayinta, wanda shi ne ubangidan duk mai tsara ɗaki a nan, ko ya so ko ya ƙi. Ƙasa ce ta rairayi, damina gajeruwa ce, a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40, sa'an nan hunturu ya zo da ƙura mai shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Duk tsarin da bai yi shawara da zafi da ƙura ba, zai yi kyau ranar da aka buɗe ɗakin, daga nan sai wahala.

To, mu shiga ɗakin amarya na zamanin kakanninmu. Kafin a kawo ta, mata sukan taru su yi daɓe, su yi ta bugun ƙasa da tsakuwa da maɗabi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, har daɓen ya yi tauri ya yi duhu ya ɗauki sheƙi. Sa'an nan gwaggwanni da innoni da yayye su zo da kaya su yi jere. A can da, ƙore ne, masaki da ƙwarya da ƙoƙo, waɗansu farare waɗansu da zane, kowace da faifanta a rufe. Mai hali yakan ƙara da tasoshin tagulla. Daga baya kwanonin fenti suka shigo daga Turai da Hongkong, har aka zo aka kafa masana'antunsu a Kano, sai langa da fanteka da kwalla suka ture ƙwarya, samira kuma ta bi bayansu. Bayan su tangaran ya zo ya shiga kabad mai gilashi. Gado ma haka ya yi ta sauyawa, daga na ƙasa da na kara da na tukurwa, zuwa na ƙarfe mai rumfa wanda akan jibga masa katifu da matasai har sai an taka wani abu kafin a hau, zuwa na fomeka, zuwa na yau. Kalmar lefe kanta sunan kwando ne na kaba wanda ake zuba tufafin amarya a ciki. Kwandon ya tafi, akwatuna sun zo, sunan ya zauna.

Abin lura shi ne, ƙwarya ta koma kwano, kwano ya koma tangaran, amma ƙa'idar jere ba ta motsa ba har shekaru masu yawa. Wannan ƙa'ida ita nake so ɗalibai su duba da idon basira, don kuwa akwai hujja a bayan kowace gaɓa tata.

Mai jere takan sa babba a ƙasa, ƙarami a bisa, ta yi ta ɗorawa har jerin ya tasar wa rufi, sa'an nan ta tsai da wani jerin irinsa a gefe, da wani, har bangon ya cika. Abu ɗaya ne ake maimaitawa yana raguwa, ido kuwa yana jin daɗin haka kamar yadda kunne yake jin daɗin kiɗan da ke komowa. Kaya duka bango suke bi, tsakiyar ɗaki a bar ta fili. Wannan filin shi ne dukiyar ɗakin. Da safe wurin salla ne, da rana a shimfiɗa tabarma a ci abinci, ran suna ya ɗauki mata goma sha, da dare yara su kwanta, kashegari a naɗe tabarmar a share da tsintsiya cikin ɗan lokaci kaɗan. Ɗaki guda ya yi aikin ɗakuna huɗu saboda ba a kafa wani abu mai nauyi a tsakiyarsa ba.

Sai maganar haske. Ɗakin da, tagarsa ƙarama ce, tana can sama, wani ma ba shi da ita sam, domin a irin wannan ƙasa rana abokiyar gaba ce a tsakiyar yini. Ɗakin yakan yi duhu, duhun nan kuwa shi ne sanyinsa. To, mene ne ya sa matan suka fi son kaya masu ƙyalli, tasa gogaggiya da kwano mai fenti? Ɗan hasken da ya shigo ta ƙofa idan an ɗaga labule, shi ne yake faɗawa a kan jeren, kowane kwano ya kama nasa ya mayar, sai ɗakin ya haskaka ba tare da ya yi zafi ba. Da dare fitila guda ta isa. Ni dai ban ga wata dabarar haske a littattafan makaranta da ta fi wannan dacewa da mu ba.

Har ila yau, an yi jeren ne domin idon wanda ke zaune a ƙasa. Wannan magana tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Bature yana tsara ɗakinsa daga kan kujera mai tsawo, don haka tagarsa da teburinsa da hoton da ya rataya duk sun yi daidai da idon mai zaman kujera. Mu kuwa zamanmu na tabarma ne da darduma da buzu, da tumtum na jingina, da kujera 'yar tsugunno ta mata. Wanda ya zauna a tabarma ya ɗaga kai ya dubi jere, zai gan shi ya yi tsawo da kwarjini. Ku lura da abin da yakan faru a falon ma'aikaci a yau. An kashe kuɗi an sayi manyan kujerun kushin, amma da an kawo tuwo, sai maigida da baƙinsa su zamo ƙasa su zauna a kafet, su jingina da kujerun. Jikinsu ya faɗi gaskiyar da aljihunsu ya ɓoye.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido. Jere ajiya ce. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba. In yunwa ta shigo ko ciwo ya kama yaro, tana iya zare tasa guda ta sayar, jeren bai rushe ba. In aure ya mutu ta kwashe kayanta. In 'yarta ta isa aure ta rage mata daga ciki. Ku gwada wannan da abin da muke yi yanzu. Uba yana sayar da gona ko ya ci bashi don ya yi wa 'yarsa gado da kujeru da kabad waɗanda aka yi da garin katako matsattse aka lulluɓe da leda mai sheƙi. A shigar da su ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wani lokaci sai an cire ƙofa, su cinye filin duka, amarya ta riƙa bi ta gefe kamar baƙuwa. Yadin kujerun yana shan ƙurar hunturu, soso yana riƙe zafi, danshin damina guda ya kumbura katakon, gara ta ƙarasa. Bayan 'yan shekaru ba mai sayensu ko da rabin kuɗinsu, uban kuwa watakila bai gama biyan bashin ba. Ba na zargin iyaye, domin ba mai son a yi wa 'yarsa gori a gidan miji. Laifin namu ne, mu da muka yi karatu, da ba mu kawo musu wani abu mai kyau da arha wanda amarya za ta yi alfahari da shi ba.

Yanzu in juya ga tufa, domin ita ce makaranta ta biyu. Masaƙin Bahaushe yakan saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, sa'an nan a yanka a haɗa gefe da gefe har ya zama zane ko bargo. Ku shimfiɗa luru ku duba. Ratsin wannan layi ba lalle ya haɗu da na maƙwabcinsa daidai ba, wani ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka, wannan ɗan saɓani kuwa shi ke sa bargon ya zama kamar yana motsi. Ku dubi saƙi, baƙi mai ɗigon fari kamar jikin zabo, ku ga yadda launi biyu kacal suka ishi masaƙi. Ku dubi babbar riga mai aska takwas ko aska biyu. Aikin ya taru ne a kan aljihu a ɓangaren hagu, ya haura kafaɗa, a dama kuwa sai tambari guda, amma ba wanda zai ce rigar ta karkace. Darasin da ke nan shi ne, ana iya daidaita nauyin ado ba tare da an mai da hagu da dama tagwaye ba. Ɗalibin da ya gane wannan a jikin riga, zai iya aiki da shi a bangon ɗakin taro.

Ko atamfar da muke ɗauka tamu ce, asalinta rinin mutanen Jawa ne na ƙasar Indunusiya, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo Afirka ta Yamma, matanmu suka karɓe ta suka raɗa wa kowane zane suna. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ta yi zamaninta, ta rufe a farkon shekarun 2000, yau mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa. Wannan wata lacca ce daban.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin magabata shi ne yadda sana'o'i suke riƙe da hannun juna. Marini yana rini da baba, kamar yadda har yanzu ake yi a Ƙofar Mata a Kano. Laka ta taru a gindin karofi, ita ce katsi. A kwashe ta a ƙona, a haɗa da gashin akuya daga wurin majema, da yauƙin dafara, sai ta zama laso, wanda magina suke shafe rufin soro da shi ruwa bai ratsa ba. Sharar marini da ta majemi ta zama simintin magini. Haka kuma azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6. Wannan ƙuntatawa ita ta sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin waɗannan bakuna zai ga adon cikin ginin da ƙashin ginin abu ɗaya ne. Kuma wannan gwaninta ba ta tsaya a tarihi ba. A 1986 masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine.

A nan sai in yi gargaɗi, musamman ga ɗalibai. Akwai wata hanya ta lalaci wadda ta yi yawa. A gina ɗaki da bulo da rufin kwano, a buɗe masa manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, a cika shi da kujerun waje, sa'an nan a manna dagi a bango, a rataya ƙwarya biyu da faifai, a ce an yi tsarin gargajiya. Wannan ba koyi da magabata ba ne, ado ne na baƙi masu yawon buɗe ido. Abin da za a ɗauko daga jere shi ne dalilinsa, watau filin tsakiya, da ƙaramar taga a sama, da kaya marasa nauyi da za a iya ɗagawa a share, da abin da ba ya riƙe ƙura. In an sami wannan, ko da ƙarfe da siminti aka yi aikin, ɗakin namu ne.

Waɗansu sun riga mu bin wannan hanya. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don sun gaji da kwaikwayon malamansu Turawa kawai. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ya koma ga zanen uli wanda matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kansa. Nwoko ya shiga gini da sassaƙa kujeru da kayan ƙasarsa, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin gine-gine na birnin Banis a Italiya. Can Turai ma, Anni Albers, wadda ta yi karatu a makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda kuma ake koya wa ɗalibanmu sunanta, masaƙan ƙasar Peru na dā ta ɗauka malamanta, har ta sadaukar musu da littafinta na saƙa a 1965. Ita ta ƙetare teku ta nemi nata malaman. Namu suna cikin gidajenmu, waɗansu ma su suka goye mu.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan hukuma, ku ne masu sa hannu a takardar kwangila, saboda haka ku ne manyan masu tsara ɗakuna a ƙasar nan ko ba ku sani ba. Na taɓa aiki a wani ofis da aka shimfiɗa wa kafet mai kauri daga bango zuwa bango, aka rataya labulen karan-miski, aka liƙe tagogi don na'urar sanyaya ɗaki. Da wuta ta ɗauke, abin da kuwa ba ya wuya, sai ofishin ya zama tanda. Mu duka, har da shugabanmu, muka riƙa fitar da benci gindin darbejiya muna aiki a can, fayil a cinya, kafet ɗin yana ciki shi kaɗai yana tara ƙura. Kuɗin da aka kashe a kansa da ya isa a yi rumfa mai kyau da tagogin da ke kallon juna don iska ta ratsa. In za ku shirya wurin jiran marasa lafiya a asibiti, ku fara zuwa ku ga inda matan ƙauye suke zama da 'ya'yansu tun kafin a yi musu komai. Za ku same su a inuwa, a ƙasa, kusa da randa. Kuma in hukuma ta saba sayen tabarmar kaba da tumtum da labulen saƙa don masaukin baƙinta da ɗakunan taronta, masaƙi da baduku za su sami dalilin koya wa 'ya'yansu sana'ar. Goriba tana nan a ƙasarmu, fata kuwa ba sai an je nesa ba, ga kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis.

Maganata ta ƙarshe ga ɗalibai mata ce. An yi rubuce-rubuce masu kyau a kan ginin Hausawa, irin littafin J. C. Moughtin na 1985, da binciken Hamman Tukur Sa'ad a kan magina. Amma za ku ga yawancin abin da aka rubuta a kan masallaci ne da fada da zaure da fuskar gida. Dalili a fili yake: masu binciken maza ne, kuma namiji baƙo a zaure yake tsayawa. Ku kuwa da sallama kawai za ku shige har ƙuryar ɗaki. Tsofaffin da suka yi daɓe da hannunsu, suka san sunan kowace ƙwarya da wurin da take zama a jere, suna raguwa kowace shekara. Ina roƙon kowace ɗaya daga cikinku, a hutun nan mai zuwa, ta ɗauki littafi da fensir da ma'auni, ta je wurin kakarta ko wata gyatuma a unguwarsu, ta nemi izini, ta auna tsawon ɗakin da faɗinsa, da tsayin taga daga ƙasa, ta zana inda gado yake da inda jere yake da abin da mai shigowa yake fara gani. Ta tambayi sunan kowane abu, da wanda ya yi shi, da kasuwar da aka sayo shi, da abin da aka sayar ran da aka shiga matsi. Ta zauna a ɗakin da azahar, ta kuma zauna a falon gidansu a daidai wannan lokaci kashegari, ta rubuta wanda ya fi sanyi. Maza kuma su yi haka a zaure da shigifa, da rumfar kafinta, da wurin masu saƙar tabarma.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, kuma na san akwai kafintoci a cikin taron nan da suke da abin faɗa mini game da katako.